Tikitin Kofin Duniya ba zai rufe asirin gasar gida ba

Ranar 12 ga Oktoba 2025 Mohammed Kudus, ɗan unguwar Nima da ke Accra, ya zura wa Comoros ƙwallo ɗaya tilo a Accra, Black Stars, tawagar ƙwallon ƙafa ta Ghana, suka samu gurbin zuwa Kofin Duniya karo na 5. Daga Aboabo har Asawase a Kumasi an yi murna, kuma murnar ta dace. Tsorona shi ne kada wannan tikiti ya sa mu manta irin kakar da muka gani kafin a kai ga wannan rana.

A watan Satumba 2024 Angola ta ci mu ɗaya da nema a filin Baba Yara, nan Kumasi, inda aka shekara 24 ba a doke Black Stars ba. Bayan kwanaki kaɗan hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta hana buga wasannin ƙasa da ƙasa a filin saboda lalacewar ciyawarsa. Aka gama wasanni 6 na neman zuwa Kofin Afirka ba mu ci ko ɗaya ba, Nijar ma ta zo har Accra ta yi mana 2 da 1. Sudan da ke cikin yaƙi ta wuce, kuma mai horar da ita ɗanmu ne, Kwesi Appiah. Ghana, ƙasar da ta ɗauki kofin nan sau 4, na ƙarshe a 1982, ta zama 'yar kallo, abin da rabon mu da shi tun 2004.

Wannan duk ciwo ne mai warkewa. Wanda ya fi ci mini rai ya faru ne ranar 2 ga Fabrairu 2025 a Nsoatre, lokacin da aka daɓa wa wani magoyin bayan Asante Kotoko wuƙa a wasansu da Nsoatreman, rai ya yi halinsa. An dakatar da gasar ƙungiyoyin Ghana makonni, daga baya Nsoatreman ta janye. Mu mutanen Zango mun san abin da ake nufi da mutum ya tafi kallon ƙwallo a dawo da gawarsa. Ranar 9 ga Mayu 2001 sama da mutum 120 suka rasu a filin wasa na Accra, da yawansu samarin Nima ne. To wane uba ne zai kama hannun ɗansa ya kai shi filin da babu tabbacin tsaro? Shi ya sa ranar Lahadi za ka tarar gidan kallo ya cika maƙil ana kallon gasar Ingila, yara sanye da rigunan Chelsea da Arsenal, alhali kujerun Baba Yara suna shan rana.

Wasu za su ce gasar na samun ci gaba, tunda kofin ya daina zama gadon Kotoko da Hearts of Oak: Medeama ta ɗauka a 2023, Samartex a 2024, Bibiani Gold Stars a 2025. Na yarda, abin sha'awa ne ƙananan garuruwa su ɗanɗana. Amma a fita waje a gani. Gold Stars tun a zagayen farko na kofin zakarun Afirka JS Kabylie ta Aljeriya ta sallame ta. Kotoko ta ɗauki kofin zakarun Afirka a 1970 da 1983, Hearts ta ɗauka a 2000. Yau da yaro ya haskaka kaka ɗaya, sai ya tattara takalmansa ya yi gaba, ba lallai Turai ba, duk inda albashi zai ci da iyali. Ba na ganin laifinsa.

Kuma ba hazaƙa muka rasa ba. Benjamin Asare, golan Hearts of Oak, shi ya tsare wa Black Stars raga tun Maris 2025 har aka samu tikitin. A nan gida yake wasa, a kan waɗannan filaye. Tsoffin taurari irin su Baba Yara da Abdul Razak da Mohammed Polo duk gasar gida ce ta rene su, kuma har gobe yaran unguwanninmu suna murza ƙwallo a kan jar ƙasa da duwatsu biyu a matsayin raga.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Hukumar FIFA tana biyan kowace ƙasa da ta je Kofin Duniya kuɗi masu kauri. Ina kira ga hukumar ƙwallon Ghana da Kurt Okraku ke jagoranta da ma'aikatar wasanni su fito fili su gaya mana nawa za a ware wa gasar gida: gyaran ciyawa, shinge tsakanin 'yan kallo da 'yan wasa, jami'an tsaro da binciken kowa a bakin ƙofa, biyan alƙalan wasa haƙƙinsu a kan lokaci, da mafi ƙarancin albashi da za a tilasta wa kowace ƙungiya. A rubuta adadin a takarda tun kafin tawaga ta hau jirgi, don 'yan jarida da magoya baya su samu abin da za su riƙe su da shi idan an dawo.