Wayar talaka ce ta yanke hukunci a gasar shafukan sada zumunta

Tsakanin 2010 da 2013, duk matashin da ya ce maka "ba ni PIN ɗinka" a Kano ko Kaduna, ya riga ya faɗa maka ajinsa. BlackBerry ce a hannunsa, yana sabunta kuɗin BIS, wato intanet ɗin wayar, duk wata, yana hira a BBM, manhajar hirar BlackBerry da ake haɗuwa a cikinta ta lambar PIN, da waɗanda suka iya sayen irin wayarsa. A lokacin an sha musu a majalisun hira ko wayar ta cancanci kuɗinta. Ni a ganina masu musun sun fi duba ƙarfe da gilashi, alhali abin da ake saye shi ne mutanen da wayar za ta sada ka da su.

A Amurka ma an yi irin wannan musun. Da Apple ya fito da iPhone a 2007 a kan dala 499 da dala 599, Steve Ballmer, shugaban Microsoft na lokacin, dariya ya yi, ya ce ta yi tsada kuma ba ta da maɓallan rubutu da 'yan kasuwa ke so. Ba a ce ba shi da hujja ba. Wayar farko ba ta da 3G, kuma sai a watan Yulin 2008 aka buɗe App Store, kantin manhajojin Apple. Wata biyu da 'yan kwanaki da fitowarta kamfanin ya zabtare dala 200 daga farashinta, waɗanda suka yi rige-rigen saye suka fusata. Darajar iPhone ta bayyana ne bayan manhajoji sun shigo, mutane sun samu wurin haɗuwa a cikinta.

Amma a wurinmu ba iPhone ce ta kawo jama'a intanet ba. Ƙananan wayoyin Nokia ne, masu Java, da Opera Mini mai tattalin data, da 2go, manhajar Afirka ta Kudu da ɗalibanmu suka riƙa kwana a ɗakunan hirarta. Da kuɗin kati kaɗan yaro yake shiga ya yi hira har dare ya raba. Wannan taron ne kamfanin BlackBerry bai ɗauka da muhimmanci ba. Ya kulle BBM a cikin wayarsa kaɗai, yana ganin da haka zai tilasta wa mutane saye. WhatsApp, wanda Jan Koum da Brian Acton suka kafa a 2009, ya bi wata hanya dabam: ya hau iPhone, ya hau Android, ya hau BlackBerry ɗin kanta, ya kuma sauko har kan wayoyin Nokia masu araha. Ba ya neman PIN, lambar wayarka ta isa. Sai a Oktoban 2013 BBM ta buɗe ƙofa ga sauran wayoyi, lokacin kasuwa ta riga ta tashi. A 2019 aka rufe ta ga jama'a.

Akwai abu ɗaya da nake ganin ba a cika ba shi haƙƙinsa ba, wato saƙon murya da WhatsApp ya ƙara a 2013. Tsohuwar da ba ta yi boko ba, da direban tirela da ke kan hanyar Legas, da ɗan kasuwar da ya fi sabawa da ajami, duk sun samu shiga ba tare da sun rubuta harafi ɗaya ba. Ga al'ummar da ta tashi da rediyo, wannan ya fi duk wata kwalliyar da manyan wayoyi suke taƙama da ita. Da Tecno da Itel suka cika kasuwar Farm Centre da wayoyin Android masu layi biyu da batir mai jure rashin wuta, sai magana ta ƙare.

Google ma ya gwada ƙarfinsa. Ya ƙaddamar da shafinsa na sada zumunta, Google+, a watan Yunin 2011, da kuɗi da ƙwararru da ikon tura masu Gmail da YouTube ciki. Mutane suka buɗe shafi, suka leƙa, ba su ga 'yan uwansu ba, suka koma Facebook. A Afrilun 2019 aka rufe shi. Kafin shi, shafin sada zumunta na MySpace da kamfanin yaɗa labarai na News Corp ya saya a kan dala miliyan 580 a 2005, an sayar da shi a kan kusan dala miliyan 35 a 2011. Shafin sada zumunta kamar kasuwar ƙauye yake, ba kyan rumfa ke cika ta ba, masu ci ne.

Abin da ke damuna shi ne yadda gasar ta ƙare. Facebook ya sayi Instagram a kan dala biliyan 1 a 2012, ya sayi WhatsApp a kan kusan dala biliyan 19 a 2014. Wanda ya yi nasara saboda ya buɗe ƙofa, yau shi ne ya kulle mu a ciki. Mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, da zauren dangi, da sanarwar ɗaurin aure da ta jana'iza, duk suna hannun kamfani guda. Za a ce ai TikTok da Telegram suna nan, kuma gaskiya ne suna nan. Sai dai wa zai iya barin WhatsApp ya tafi da abokan cinikinsa da danginsa?

Mun taɓa magance irin wannan a harkar layukan waya. A Afrilun 2013 hukumar NCC mai kula da harkokin sadarwa a Najeriya ta fara tsarin da ya ba mutum damar sauya kamfanin waya ba tare da ya rasa lambarsa ba. Tarayyar Turai kuma ta yi dokar da ta tilasta wa WhatsApp ya ba wasu manhajoji damar aika saƙo zuwa ga masu amfani da shi. Hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye a Najeriya, wadda ta ci tarar Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220 a 2024, ta nuna tana da ƙarfin halin tunkarar kamfanin. Ina so ita da NCC su nemi wa 'yan Najeriya irin wannan dama, ta yadda matashin da ya ƙirƙiro manhajar hira a Zariya zai iya isar da saƙo ga mai WhatsApp tun ranar da ya fara.