Gare ka, wanda karatu ya tsaya masa a hanya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗan'uwa, da kai nake yau, kai da ka tattara takardunka ka cusa a ƙasan akwati. 'Yar'uwa, har da ke. Wataƙila jarrabawa ce ta kayar da kai har sau biyu. Wataƙila mahaifi ne ya rasu, kuɗin makaranta ya yanke. Ko jinya ta kwantar da ke shekara guda, ko aure da goyo suka sha gabanki. Abokan karatunka sun kammala, kai kuwa da an taɓo zancen makaranta sai ka sunkuyar da kai.

Na san abin da ke hana ka barci: "Da na yi kaza, da yanzu na gama." Wannan "da" ɗin ita na fi ji maka tsoro, fiye da faɗuwar kanta. A hadisin Abu Huraira da Muslim ya ruwaito, Manzon Allah (SAW) ya ce ka yi kwaɗayin abin da zai amfane ka, ka nemi taimakon Allah, kada ka gajiya. Idan wani abu ya same ka, kada ka ce da na yi kaza da kaza ya faru, ka ce Allah ne Ya ƙaddara, abin da Ya so shi Ya aikata, domin "da" tana buɗe wa Shaiɗan ƙofar aikinsa. Lura da jerin maganar. Sai da aka ce ka yi kwaɗayi, kada ka gajiya, sannan aka ambaci ƙaddara. Mu kuwa mukan ɗauko ƙaddarar mu sa a gaba, mu naɗe hannu.

Imam Shafi'i, wanda aka haifa a Gaza shekara ta 150 bayan Hijira, maraya ya tashi a hannun mahaifiyar da ba ta da abin saya masa takarda. A kan ƙasusuwa yake rubuta karatunsa. Annabi Musa (AS) kansa, da ya fita neman ilimi wurin Halliru, cewa ya yi da yaronsa: lalle mun sha wahala a wannan tafiya tamu. Yana nan a Suratul Kahfi, aya ta 62. Bai kuma juya gida ba.

Kada ka zaci kai kaɗai abin ya shafa. Ƙannenka suna kallonka, ko ba su furta ba. Inda akuyar gaba ta sha ruwa, nan ta baya ke sha. Ranar da ɗiyarki ta gan ki kin idar da sallar asuba kin buɗe littafi, kina bitar darasin da ya taɓa kayar da ke, wallahi ta karɓi abin da nasihar baki ba za ta ba ta ba. Kuma gemu ba ya hana ilimi. Zama aji ɗaya da sa'o'in ƙaninka ba abin kunya ba ne.

Malik ɗan Huwairis ya zo Madina tare da wasu samari tsaransa, suka kwana 20 suna koyo wurin Manzon Allah (SAW). Da ya fahimci sun yi kewar gida, sai ya tambaye su waɗanda suka baro, sannan ya ce su koma ga iyalansu, su zauna cikinsu, su koyar da su.

Ciro takardun nan a daren yau, ka kakkaɓe ƙurar. Gobe, in Allah Ya kai mu, ka je ka tambayi yadda ake sake rajista.