Abin da Ya Kwana Uku Bai Motsa Ba

(Tsakar gida, gab da la'asar. Maigida na kishingiɗe a tabarma, Uwargida na saƙa.)

MAIGIDA: Maman Abba, miƙo mini butata.

UWARGIDA: Ga ta can gindin katanga, Malam. Ka ga yadda na'ana'a ta yi shar a ciki?

MAIGIDA: Na'ana'a? A butar alwalata?

UWARGIDA: Ai yoyo take. Na yanke mata wuya, na zuba ƙasa da kashin awaki. Yoyon ma yanzu ya yi rana, ruwa ba ya kwanciya.

MAIGIDA: Da ɗan yatsa nake toshe yoyon nan tun bara, kin ji na kai ƙara wurin mai unguwa? To wannan kuma fa? Matan mutane na shanya atamfa, ke kin cika igiya da bola.

UWARGIDA: Ledar fiya-wata ce. A farke, a wanke da omo, a shanya, a yanka siri-siri, a ƙulla, sai kwarashi ya yi aikinsa. Jakar da matar liman ta rataya ranar suna, daga kwatar ƙofar gidan nan ta fito.

MAIGIDA: Ta sani?

UWARGIDA: Ta dai biya.

MAIGIDA: Shi ya sa kekena yake zaune a kan ƙarfe? Ina tif ɗin baya?

UWARGIDA: Da me kake zato ake jawo ruwan rijiya kwana biyun nan? Guga ya zama. Faci tara na ƙirga a jikinsa, Malam, facin ya fi tif ɗin yawa.

(Sallama daga zaure.)

ƊAN GWANGWAN: Gwangwan! A fito da ƙarfe, a fito da tsohuwar roba! Baba, ina wuni? Wallahi gidan nan ya karya mini jari. Da, ba na fita sai da rabin buhu.

MAIGIDA: Yaro, ka zo a daidai. Faɗa mata.

ƊAN GWANGWAN: Hajiya, ko gwangwanin madara ɗaya?

UWARGIDA: Na huda murfi, na zura lagwani, sun zama aci-bal-bal. Ranar da aka ɗauke wuta, har maƙwabta ke aikowa aro.

ƊAN GWANGWAN: Na tumatir fa?

UWARGIDA: Abba ya ƙera tirela da su. Tayoyin kuma silifas ɗin babansa.

MAIGIDA: Au! Ni da nake ta tsine wa ɓarayin masallaci!

ƊAN GWANGWAN: To gwangwanayen lemo, masu sheƙin nan? Waɗanda mayen ƙarfena ba ya kamawa, su ne masu kuɗi.

UWARGIDA: Ai na sani, shi ya sa na kai wa maƙera da kaina. Suka narka, suka zuba a ƙasa mai siffar tukunya. Tuwon jiya a cikinta aka tuƙa.

MAIGIDA: Dama na ce miyar nan akwai zaƙi-zaƙi.

ƊAN GWANGWAN: Yanzu babu abin da ya rage ke nan?

UWARGIDA: Ni doka ɗaya gare ni. Duk abin da ya kwana uku a gidan nan bai motsa ba, bai kawo ko sisi ba, to sai na san yadda na yi da shi.

(Ta ɗaga kai daga saƙa, ta dubi tabarma. Ɗan gwangwan ya leƙo, ya zaro sikeli.)

ƊAN GWANGWAN: Baba, tun yaushe kake kwance a nan?

MAIGIDA: Tun Talata... Kai! Mayar da sikelin nan! Maman Abba, hulata, kasuwa zan fita.

UWARGIDA: Wace? Zannar ko damangar?

MAIGIDA: Damangar.

UWARGIDA: Sai dai ka jira kaza ta gama ƙyanƙyasa.