Tuba da kaffara: inda Furotesta da Katolika suka raba hanya

A Damagaram, in aka ce kaffara, kowa ya san abin da ake nufi. Wanda ya karya rantsuwa ya ciyar da miskinai 10 ko ya tufatar da su, in bai samu ba ya yi azumin kwana 3. Shi ya sa idan Kiristan garin nan ya ari kalmar don bayyana koyarwar cocinsa, mai sauraro yakan ɗauka biyan bashi ne. A kan wannan gaɓa Furotesta da Katolika suke jayayya tun 1517.

Ga tsarin Katolika. Mai laifi ya yi nadama, ya furta manyan zunubansa ga firist, wato limamin coci, irinsu da adadinsu, firist ya sanar da gafara, sannan ya ɗora masa aiki: addu'a, azumi ko sadaka. Babban taron shugabannin coci na Lateran a 1215 ya wajabta furcin aƙalla sau ɗaya a shekara, taron Trent ya jaddada shi a 1551, da hujjar ayar Littafi Mai Tsarki ta Yohanna 20:23.

Ƙorafin Martin Luther, jagoran Furotesta na farko, ya fara daga fassara. A Matiyu 4:17, rubutun Latin yana iya nufin "ku yi aikin tuba", alhali na Girkanci na nufin sauyin zuciya. Sai Ibraniyawa 10:14, wadda ta ce hadaya ɗaya ta Almasihu ta wadatar. To, in an gama biya a kan gicciye, in ji Furotesta, me ya rage mutum ya biya? Katolika suna amsa cewa gafarar laifi daban, horon da ke biyo baya daban, kuma aikin mai tuba daga Almasihu yake samun ƙarfinsa. Sayar da takardun sassaucin horo kuwa, wanda Luther ya soka, Paparoma Pius na 5 ya hana haɗa su da kuɗi tun 1567.

A ganina, Furotesta sun fi ƙarfi a kan lissafin zunubi. Mai yawan waswasi zai fito daga gaban firist yana tambayar kansa ko ya manta wani, ko nadamarsa ta cika. Koyarwar Katolika ta ce abin da aka manta ba da gangan ba an gafarta shi, amma talaka bai cika jin wannan bayani ba, tsoron kawai yake ɗauka ya tafi gida.

Sai dai Furotesta ma suna da ramin da suke faɗawa. Wanda ya tauye mudu a kasuwar Dole, ya roƙi Allah shi kaɗai a ɗaki, sau da yawa babu mai tambayarsa ko ya mayar da hatsin mutane. Firist yakan tambaya. Wani mai karɓar haraji da ake kira Zakka, a Luka 19:8, ya yi alkawarin mayar da ninki 4 ga duk wanda ya cuta, kuma wannan aya tana cikin littafin da fasto yake karantawa kowace Lahadi.