Wai a Sakkwato ne babu abin kallo?

Na ga jama'a suna ta yawo da wani bidiyo na wani baje koli da aka yi ranar Asabar, kowa yana yaba kyan jakunkuna, amma babu wanda ya tsaya kan maganar da mai jakunkunan ya yi a ƙarshe, alhali ita ce ta fi komai ɓata rai. An tambaye shi inda yake samo zanensa, sai ya yi murmushi ya ce a Pinterest, wato shafin tara hotuna na intanet, domin wai a garin nan babu abin da mutum zai kalla basirarsa ta motsa. Ya faɗi haka yana tsaye a cikin Sakkwato, yana riƙe da jakar roba da aka yi wa fenti don ta yi kama da fata, mutane kuma suka tafa masa. To madalla, Allah ya kawo mu zamanin da mai zane zai zagaye birnin Shehu kaf, ya dawo ya ba mu labarin cewa bai ga komai ba.

Ba zan kama sunansa ba, domin bakin sa'o'insa ya ara ya ci musu albasa. Da yawa daga cikin matasanmu masu ɗinki da zane da haɗa jaka haka suke gani, shi dai ya fi su ƙarfin halin faɗa a bainar jama'a. Abin da nake son su ji shi ne, garin nan bai rasa abin kallo ba, su ne ba su je sun kalla ba. Wanda bai taɓa taka ƙafa Takalmawa ba, bai taɓa zama a rumfar maƙeri a Maƙera Assada ba, bai san hanyar Majema ba sai dai ya toshe hanci in ya zo wucewa, ba shi da hurumin yanke wa Sakkwato wannan hukunci.

Mu ɗauki fata kaɗai, tunda jaka ce ta jawo maganar. Fatar jar akuyar Sakkwato ita ce fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai, inda aka laƙaba mata sunan Maroko saboda ta hannun 'yan kasuwar can ta isa gare su. Da ita masu yi wa littafi bango a Ingila suka riƙa rufe manyan littattafansu, saboda laushinta da ƙarkonta. Lokacin da Bature Clapperton ya iso fadar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824, wannan ciniki ya riga ya tsufa. Har gobe kuma fatunmu suna tafiya, ana yi musu rabin gyara a kamfanonin jima na Kano, a tura su Italiya da Sifaniya, a mayar da su jaka da takalmi. Ba abin mamaki ba ne a ce wata jakar da ƙanen namu mai jakunkuna yake kallo a waya yana haɗiyar yawu, akuyar da aka yi ta da fatarta a Kasuwar Kara aka sayar da ita.

Duk wanda ya zauna da majemi ya ga yadda ake aikin, zai san akwai ilimin launi a garin nan. Ana jiƙa fata a toka a tuje gashin, a jeme ta da bagaruwa, a shafe ta da mai har ta yi laushi. Ja daga karan dafi yake fitowa, rawaya daga gangamau, baƙi kuma daga kuloko, wanda ake haɗawa da ƙarfe. Jan karan dafi ba irin jan fenti ba ne, yana da zurfi, kuma ƙara kyau yake yi in hannu ya daɗe yana taɓa shi. Sai kuma baduku ya karɓa, ya fere saman fatar da wuƙa har fari ya bayyana a cikin ja, ya ɗora wata a kan wata, ya kitsa siraran tsirkiya a gefe. Ku ɗauki gafaka ɗaya ta tsofaffin malamai ku duba yadda aka yi mata marfi da maɗauri don ta kare littafi daga ƙura da ruwa. Me ya hana mai basira ya auna kwamfutar hannu ya yi mata gafakarta? Babu abin da ya hana sai rashin zuwa a gani.

Na san abin da za a ce. Za a ce zamani ya canza, mai saye na waje yake so. Wannan uzuri ne na wanda bai gwada ba, domin mai saye yana zaɓa ne daga abin da aka ajiye a gabansa. Za a ce ɗinkin dukawa ba ya fita sumul, wata fatar tana wari, zif ɗin da suke sawa ba ya kai wata shida. To ai nan ne aikinku yake. In kun ga inda gyara yake kuka juya baya, kuka koma kwafar jakar da wani kamfani ya riga ya buga dubbai a Sin, sai ku faɗa mana abin da kuka ƙara wa duniya. Masu cewa ina ƙyamar intanet kuwa, ai a kanta nake wannan rubutu, don haka su nemi wata hujjar.

Waɗanda duniya take girmamawa a wannan fage ba haka suka yi ba. Ladi Kwali, wadda hotonta yake bayan takardar naira 20 da ke aljihun kowa, a ƙauye ta koyi ginin tukunya irin na Gwari. Da ta shiga cibiyar koyon ginin tukwane ta Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954, ta karɓi sabuwar hanyar gashi da sheƙi, amma ba ta zubar da ƙadangarenta da kunamarta da kifinta ba, da su ta zagaya Turai da Amurka. A Zariya, a 1958, ɗalibai irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiya don su ƙi zama 'yan kwafar malamansu Turawa, Okeke ya koma ga zanen uli na matan Ibo ya gina aikinsa a kai.

In an ce waɗannan sun yi nisa, to ga na maƙwabta. Ƙetare Illela, ka wuce Birnin Ƙonni, cikin jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar akwai garin Yama, inda magini Falke Barmu ya gina masallacin ƙasa da ya ci kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. A Dandaji kuma, mai zanen gine-gine Mariam Kamara da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun mayar da tsohon masallacin garin ɗakin karatu, suka gina sabo a gefensa da bulon jar ƙasa, aka kammala a 2018, kuma tare da maginan wurin aka yi aikin. Mariam ɗin nan a Amurka ta yi karatu, ta ga gine-ginen gilashi iya gani, amma da ta tashi yin aikin da ya fito da sunanta, ƙasar Hausa ta dawo ta duba. Yanzu hotunan Dandaji suna cikin wannan Pinterest ɗin, watakila ma ƙanen namu ya taɓa adana su bai san na ƙofar gidansu ba ne.

Kada kuma wani ya fahimce ni a karkace, ya je ya manna dagin Arewa a kan riga ko kofin shayi ya ce ya amsa kira. Dagi ya gaji. An sa shi a ƙofar gida, an sa shi a katin biki, an sa shi a tambarin kowace ƙungiya, har ya zama mafakar wanda ba ya son wahalar kallo. Aska takwas da ke ƙirjin babbar riga tana nan, zanen da mata suke ƙonawa a bayan ƙwarya yana nan, haka saƙar faifai, da adon sirdi da linzamin dawakin hawan salla, da ƙawar da malamai suke yi wa allon zayyana da gefen shafukan Alƙur'ani rubutun hannu. Wanda yake son ganin na da, ga gidan tarihi na Waziri Junaidu a cikin gari, kuɗin babur ɗin zuwa bai kai na datar da yake ƙonawa a dare ɗaya ba.

Da gaske nake, ƙannena, kuna da abin da dattawan nan ba su da shi. Kun iya ɗaukar hoto, kun san awo, kun san yadda ake tallata kaya ga mutumin da yake Legas ko Landan. Su kuma suna da hannu da ilimin da ba a rubuta shi a ko'ina ba, yawancinsu sun manyanta, 'ya'yansu da dama sun koma acaba da sayar da kayan waya. Ku je ku gaishe su, ku zauna a tabarma, ku tambaya. In kun yi aiki tare ku biya su haƙƙinsu ba tare da tayin wulaƙanci ba, ku kuma faɗi sunansu lokacin da ake tafa muku, domin na ga masu zuwa su sayi aikin baduku da arha, su liƙa masa tambarinsu da Turanci, su ninka kuɗin, su ce nasu ne.

Tunda ma maganar ta kawo nan, iyayen biki, don Allah ku dubi girman Allah ku sassauta mana da rabon robobi. Kowane gida a Sakkwato yanzu yana da bokitai da kofuna masu hoton amarya da ango fiye da bukatarsa, wasu ma hoton ya goge, ba a san na bikin wa ba ne. Kuɗin da ake zubawa a kansu zai sayi faifai da mafici da 'yar jakar fata daga hannun matan ƙauyukanmu. Akwai bikin 'yar ƙanwata bayan salla, na riga na gaya wa uwarta cewa in robobi za a raba, kada a sa ni a lissafin gudummawa.