Harawa ma amfanin gona ce, a ba ta kunyarta

Duk wanda ya bi hanyar Daura zuwa Zango ko Mai'adua a watan Maris zai ga gonaki fayau, babu ko sillen kara. An kwashe karan gero, an naɗe harawa an ɗora a kan rassan bishiya da rufin soro, ɗan abin da ya rage yara sun bi da manjagara sun tattare. A wasu gonakin har tushiyar kara ake tonewa a kai murhu. Idan iskar farkon damina ta taso babu abin da zai tare ta. Sai ta kwashe ƙasar sama, wadda ita ce mai ɗan sauran ƙarfi, ta binne geron da bai wuce ganye biyu ba, manomi ya koma neman irin sake shuka.

Malaman gona sun daɗe suna cewa a bar kara ya rufe ƙasa. Gaskiya suka faɗa, amma ban ga laifin manomin da ya ƙi ji ba. Yana da shanun huɗa, uwargida na da awaki, ga rago a turke, kuma kuɗin harawa a kaka ba ya ko kama ƙafar na bazara. Noma ya cinye burtali da makiyaya, dajin Rugu kuma ya zama wurin da ba a shiga saboda 'yan bindiga. Ga Babbar Sallah tana matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara: a 2025 ta faɗo a farkon Yuni, shekarun da ke biye kuwa cikin Mayu da Afrilu za a yi ta, wato a tsakiyar ƙarancin abincin dabba za a riƙa kiwon ragon layya. Wanda ke cikin wannan hali, ka ce ya bar wa gara kara?

A ganina, kara ba zai zauna a gona ba sai dabba ta samu abin da ya fi shi. Shi ya sa ya kamata a daina ɗaukar harawa a matsayin ragowa, a shuka ta da niyya. Wake da gyaɗa suna da wasu 'yan ƙulle-ƙulle a saiwarsu da ke jawo sinadarin naitirojin daga iska, irin wanda muke saye da tsada a buhun yuriya. Waken Kanannado da iyayenmu suka sani mai yaɗo ne sosai, kuma cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru da takwararta ta ƙasa da ƙasa, IITA, sun fitar da irin wake da gyaɗa masu ba da ƙwaya da ganye a tare. Akwai tsarin da IITA ta gwada da manoman Kano, kunya biyu na hatsi, huɗu na wake, don kada inuwar dawa ta danne waken. Ga kuma lablab, wani dangin wake da ake shukawa don dabbobi, wanda ke riƙe ɗanyen ganye bayan ruwa ya ɗauke.

Wanda zai ce gonarsa ba ta kai ya raba ba, to iyakarta fa? Gamba a nan take zama. Sau ɗaya ake dasa ta, saiwarta ta kama ƙasa shekara da shekaru, ta tare rairayin da iska ke ja, ta rage gudun ruwa, ta tofo da ruwan farko lokacin da babu wani kore. Idan ta girma ga zana ga jinka. Gawo shi ma bai roƙi komai ba illa a bar shi: yana kakkaɓe ganye da damina, ya zubo wa tumaki 'ya'ya da rani. Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun farfaɗo da miliyoyin kadada ta hanyar barin tsiron itatuwa a gona kawai.

Sai dai akwai inda gizo ke saƙa. Harawar da aka loda a mota aka kai kasuwar birni ta tafi da ƙarfin gonar, ba kuma za ta dawo ba. Ribar ƙasa tana cikin takin da ake kwasowa daga turke a mangala ko amalanke a mayar gona kafin shuka. Mai sayar da harawarsa kaf a kowace kaka zai ga kuɗi, amma gonarsa na ci gaba da ramewa. Haka nan lablab ko gambar da aka bari a fili ba za su kai labari ba idan aka saki dabbobi da zarar an gama girbi, sai masu unguwanni da dagatai sun zauna da manoma da makiyaya an yi yarjejeniya a kan lokacin saki.

Katsina na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Ganuwar Itatuwa, tana kuma cikin shirin farfaɗo da ƙasar noma na Bankin Duniya, ACReSAL. Mun ga bikin dashen itace da rabon taki ba adadi. Abin da manomin Sandamu ko Baure ke wahalar samu shi ne mudun irin lablab mai kyau a watan Yuni, alhali ga cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI a Shika da ta shafe shekaru tana bincike a kansa. KTARDA, hukumar bunƙasa noma ta Jihar Katsina, na iya ɗaukar manoma kaɗan a kowace ƙaramar hukuma su riɓanya irin, musamman a bakin madatsun Sabke da Zobe inda ake noman rani, a sayar wa jama'a a kasuwar ƙauye kafin ruwa ya sauka.