Wanda ya karɓi kuɗinka daban, mai makullin ɗakin daban

To, kun gama zagin yarinyar da ke teburin karɓar baƙi? Kun huce? Madalla. Wannan bidiyon da kuke ta tura wa juna, na bawan Allahn da ya isa otal da iyalinsa ƙarfe ɗayan dare aka ce babu sunansa, yarinyar nan ba ta da laifi ko kaɗan a ciki. Yana ta ɗaga mata waya yana cewa ga shaida ya biya. Ya biya, ba mu musa ba. Amma wa ya biya? Wani shafin rangwame ya tura wa kuɗi, shafin da otal ɗin bai taɓa jin sunansa ba. Wanda ya karɓi kuɗinka daban, mai makullin ɗakin daban, kuma ranar da aka samu matsala kowannensu zai nuna maka ɗayan.

Ga yadda arahar nan take zuwa. Otal yana ba manyan 'yan sari, irin su Hotelbeds da WebBeds, ɗakuna a kan farashin sari, galibi don a haɗa su da tikitin jirgi ko a sayar wa kamfanonin shirya tafiya. Sai wani ƙaramin shafi ya saya a wurinsu, ko a wurin wanda ya saya a wurinsu, ya kafa a intanet da ragin da ya ɗauke maka hankali. Kafin sunanka ya isa kwamfutar otal ya bi hannu uku ko huɗu. A kowane hannu ana iya kuskuren rana, ko ɗaki mai gado biyu ya koma mai gado ɗaya, ko karin kumallon da aka yi maka alkawari ya ɓace. Wasu shafukan ma sai su karɓi kuɗinka yau, su ƙi kama ɗakin sai ranar ta matso, suna jiran farashi ya faɗi su ci ribar tsakani. Idan bai faɗi ba, otal kuma ya cika, kai ne za ka kwana a kujera.

Ita kuma lambar da aka turo maka ta imel, wadda kake taƙama da ita, lambar shafin ce. Otal yana da tasa lambar da kwamfutarsa ke fitarwa idan sunanka ya shiga da gaske. Matuƙar ba ka da wannan ta biyun, rasit ɗin dillali kawai kake riƙe da shi.

Na san masu cewa "ai ni kullum da su nake kamawa, ban taɓa samun matsala ba." Allah ya ƙara tsarewa. Ranar da komai ya tafi daidai kowane shafi nagari ne. Ana gane ciniki ne ranar da jirgi ya yi latti, ko yaro ya kwanta rashin lafiya kana son ɗaga tafiya da kwana biyu. Ka kira otal su ce ba su da ikon taɓa ajiyar, ka koma inda ka biya. Ba wulaƙanci ba ne. A irin wannan tsarin shafin ne ya cire kuɗi daga katinka, shi kuma yake biyan otal da wani katin wucin gadi mai ɗauke da kason otal kaɗai. Ta yaya za su mayar maka da kuɗin da bai fito daga hannunka zuwa nasu ba? Ko rasit mai nuna abin da ka biya ba za su iya ba ka ba, wanda duk mai tafiyar aiki ya san ciwonsa. Ka kira shafin, na'ura ta amsa, bayan dogon jira wani ya ce zai tuntuɓi "abokin hulɗarsu". Mai kuɗinka daban, mai makulli daban.

Sannan otal-otal da yawa suna sayar da ɗakuna fiye da waɗanda suke da su, saboda sun san wasu ba za su zo ba. Daren da kowa ya zo, dole a tura wani wani wurin. Wa kake zaton manaja zai zaɓa? Baƙon da ya kama kai tsaye, mai katin zama ɗan gida, ko kai da ka shigo da farashi mafi ƙasa ta hannun wanda ba a sani ba? Araha ba ta ado, jama'a.

Wani zai ce to ai manyan shafuka ba haka suke ba. Gaskiya sun fi dama, suna da ofis da layin waya, sunanka kuma yakan shiga kwamfutar otal nan take. Amma su ma ba waliyyai ba ne. A 2019 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Birtaniya ta sa Booking.com da Expedia da Agoda da Hotels.com da ebookers da trivago suka yi alkawarin daina matsa wa mutane da saƙonnin gaggawa masu ruɗarwa, irin na "ɗaki ɗaya ya rage". A 2022 kotun tarayya a Ostareliya ta ci tarar trivago dalar ƙasar miliyan 44.7 saboda farashin da yake ɗorawa a sama ba lallai shi ne mafi araha ba, ya fi karkata ga mai biyansa da yawa. Ƙananan kuwa, a watan Satumban 2019 shafin Amoma ya durƙushe, mutanen da suka riga suka biya suka wayi gari an soke musu ɗakuna.

Da gaske nake yanzu, ba gatse. Duba farashi a shafukan nan, ba wanda ya hana. Sai ka kira otal ɗin ka faɗa musu abin da ka gani. La'adar da suke ba manyan shafuka takan kai kashi 15 cikin 100 ko fiye, don haka sau da yawa za su daidaita maka farashin. Idan ka nace sai ta shafi, zaɓi wanda za ka biya a otal, mai damar sokewa, ka kuma lura da agogon wace ƙasa ake lissafin wa'adin sokewar. Bayan kwana ɗaya ko biyu ka kira otal da lambar wayar da ke shafinsu na kansu, ka karɓi lambarsu ta tabbaci, a karanta maka suna kamar yadda yake a fasfo, da ranaku, da irin gado, da adadin mutane, da harajin da za ka biya a can. Ka sake kira ana saura kwana biyu. Idan za ka isa bayan sha biyun dare ka sanar da su a rubuce, don wanda bai zo daren farko ba ana iya soke masa sauran kwanakin gaba ɗaya. Wanda kuma jirginsa zai sauka ƙarfe biyun daren wayewar 5 ga wata, daren 4 zai kama, in ba haka ba zai zauna jiran ɗaki har bayan azahar.

Wai ni kam, wa ya fara gina ɗakin otal babu taga? Suna nan da yawa a manyan birane, su ne kuma galibi ke saman jerin masu araha. Hoton da za a nuna maka na ɗakin bene na goma ne mai kallon gari, can ƙasa da ƙananan haruffa an rubuta babu taga. Wasu har labule suke ratayawa a jikin bango. Labule, a jikin bango!